Lissafin Da Ba Ya Ganin Gawo: Mashi Da Muhawarar Bunƙasar Arziki

Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, ya bi ta Mashi, sannan ya nufi Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka iyaka. Tsawonsa kilomita 284 ne, an aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kuma kwangilar da aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ta kusa dala biliyan 2. Duk buhun simintin da aka juye, da ladan direban tifa, da man da katafila ta sha, sun shiga littafin masu ƙididdigar arzikin ƙasa. A gefen hanyar kuwa ga gonakin gero da manoma suka bar gawo a tsakiyarsu. Ganyen da gawon ya kaɗe ya zama taki bai bi ta kasuwa ba, don haka babu shi a lissafi. Sai ran da aka sare itacen aka sayar wa mai gidan burodi, ranar ce arzikin Nijeriya zai ƙaru da 'yan nairori a takarda.

Ma'aunin da ake kira GDP haka yake aiki, kuma masu shi ba su taɓa ɓoye hakan ba. Simon Kuznets, wanda ya tsara wa majalisar dokokin Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934, tun a wancan rahoto ya yi kashedin cewa ba a gane jin daɗin al'umma daga wannan adadi kaɗai. Aka ɗauki ma'aunin aka bar kashedin. A watan Afrilun 2014 Nijeriya ta sake fasalin nata lissafin, adadin ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, muka kwana muka tashi a gaban Afirka ta Kudu ba tare da an ƙara ko tiya ɗaya a rumbun kowa ba. Shekara 8 bayan haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani ma'aunin da ke duba ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, ya nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban.

Wannan giɓi shi ne abin da wasu masana a Turai suka duƙufa a kai. Tambayarsu ita ce ko ƙasa za ta iya wadata mutanenta ba tare da tattalin arzikinta yana kumbura kowace shekara ba. Tushen maganar na komawa 1972, lokacin da wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da Donella Meadows da Dennis Meadows, suka gina wa ƙungiyar Club of Rome manhajar hasashe a kwamfuta. Sun ɗaura abubuwa 5 da juna, wato yawan jama'a, abinci, masana'antu, gurɓatar yanayi da ma'adinan da ba sa dawowa, suka ce idan aka ci gaba a haka to kafin shekara 100 za a ci karo da bango. Daga baya Herman Daly ya yi ta rubutu kan tattalin arzikin da ke tsaye a daidai gwargwadonsa. Peter Victor ya gina wa Kanada irin wannan manhaja, ya nuna a 2008 cewa da rage sa'o'in aiki da gyaran haraji ƙasar na iya rage talauci da rashin aikin yi ko da bunƙasar ta yi sanyi. Tim Jackson a Ingila ya biyo da nasa littafin a 2009. A 2022 Majalisar Bincike ta Turai ta ba Giorgos Kallis da Jason Hickel na Basalona da Julia Steinberger ta jami'ar Lozan a Suwizalan kusan Yuro miliyan 10 don su yi aikin haɗin gwiwa na shekara 6 kan wannan fanni, sannan a watan Mayun 2023 aka yi babban taro a kansa a zauren majalisar Tarayyar Turai.

To, a kawo wannan zance Mashi a gani. Ƙaramar hukumar tana shiyyar Daura a siyasance, tana kusa da iyakar Nijar, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 170,000, damina kuwa wata uku ce zuwa huɗu, a kan ƙasa mai yashi. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi, ta tarar a wasu wuraren fiye da kashi 30 cikin 100 na fama da tamowa. Wanda ya tsaya a bakin cibiyar da mata ke layin karɓar abincin tamowa ya ce musu duniya ta yi yawan cin arziki, ya ci sa'a idan dariya kawai aka yi masa. Ɗan Nijeriya ɗaya bai kai tan guda na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya ba a shekara, Ba'amurke ɗaya na fitar da wajen tan 14. Mashi na bukatar ƙarin wuta, ƙarin asibiti, ƙarin taki, ƙarin titi. Na ƙoshe ne ke maganar rage ci.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa su masanan ba su ce Mashi ta rage komai ba. Matsayinsu shi ne ƙasashe masu arziki su sassauta domin matalauta su sami fili. Har ma Hickel da wani abokin aikinsa sun binciki manhajojin da ake dogaro da su wajen tsara manufofin sauyin yanayi, suka nuna a 2022 cewa akasarinsu sun ɗauka tun farko cewa ɗan Afirka zai ci gaba da amfani da makamashi ƙasa da na Bature nesa ba kusa ba har shekaru masu yawa nan gaba. Wasu masana daga Indiya, Tejal Kanitkar da T. Jayaraman, sun kai ga irin wannan sakamako. Abin da ya shafe mu ke nan kai tsaye. Ana zaune a wani ofis ana rubuta makomar jikokin manomin Mashi a cikin lissafi, an riga an yanke musu rabonsu, kuma ba kasafai ake samun wani daga nan a ɗakin ba.

Ƙorafin ba sabo ba ne. Da rahoton MIT ya fito, masana a cibiyar Bariloche ta Ajantina ƙarƙashin Amílcar Herrera suka ce bala'in da ake hasashen zai zo, ai mafi yawan mutanen duniya a cikinsa suke zaune tuni. Suka gina tasu manhajar, aka wallafa ta a 1976, suka sa mata burin tsawaita rayuwar ɗan'adam ta hanyar abinci da gida da ilimi da lafiya. Tambayar da aka ɗora wa kwamfuta ce ta sauya, amsar ma ta sauya.

Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe tana shan hasashe. A 1935 wani farfesan gandun daji daga Edinbara, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, ya rubuta cewa Sahara na tahowa za ta cinye yankin. Hankalin Turawan mulki ya tashi, Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi kan iyakar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga rairayin da ke tafiya irin yadda aka faɗa ba. Duk da haka zancen bai mutu ba. Har gobe za ka ji jami'i na cewa hamada na cin mita 600 a kowace shekara, kuma da wuya ka sami wanda zai nuna maka inda aka kafa turken awon. Bayan farin 1972 zuwa 1974, Anthony Picardi na MIT ya ɗauko irin dabarar manhajar Meadows ya ɗora ta a kan makiyayan Sahel, sakamakon ya nuna dabbobi sun fi ƙarfin wuraren kiwo kuma rugujewa ce a gaba. A shekarun 1980 kuma sai ga lissafin giɓin itacen girki: a ninka yawan jama'a da itacen da kowa ke ƙonawa, a cire abin da daji ke tofowa, a faɗi shekarar da itace zai ƙare a kewayen birane.

Da aka je aka ƙirga, sai labari ya sha bamban. Masu bincike daga Jami'ar Bayero, cikinsu akwai Reginald Cline-Cole da Julius Falola da Michael Mortimore, sun duba hotunan sama na shekaru daban-daban, suka shiga gonakin kewayen Kano suka auna itatuwa. Littafinsu na 1990 ya nuna cewa a yankin da ya fi cunkoson jama'a itatuwan gona ba su ragu ba. Dalili kuwa kowane itace na da mai shi. Ɗorawa da kuka da tsamiya dukiya ce, ana sassaƙar reshe a bar gindi. Inda ɓarnar take shi ne dazuzzukan nesa da babu mai su, can ne manyan motoci ke ɗebo wa birni itace. Lissafin giɓin ya ɗauki manomi a matsayin mai gatari kawai.

Mortimore ya koyar a Zariya daga 1962, ya koma Bayero a 1979, ya rasu a 2017, kuma kusan duk rayuwarsa ya ƙarar da ita yana bin irin wannan sawu. Shi da William Adams da abokan aikinsu 'yan ƙasa sun daɗe a cikin shekarun 1990 suna bin gidaje a ƙauyukan Tumbau da Dagaceri da Kaska da Futchimiram, suna rubuta inda kowane ɗan gida ya sa ƙarfinsa mako-mako. Tun kafin su, David Norman a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya auna gonakin ƙauyukan Zariya ya gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona na lokacin ke kira rashin wayewa, ya fi ba manomi riba a kan wahalarsa, kuma ya fi tsare shi ran da ruwa ya yi gardama.

Duk wanda ya tashi a karkarar Katsina ya san wannan lissafi ko bai taɓa ganinsa a rubuce ba. Da kaka maigida zai ƙirga damin gero ya zuba a rumbu, ya san watan da zai kai shi. Harawar wake a naɗe ta a ɗora bisa rufin ɗaki ko a cokalin itace inda akuya ba ta kai. Tumakin da mata ke kiwo a cikin gida su ci harawar da dusa, kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida a tara a juji, da bazara a loda a mangala ko a amalanke a kai gona a zube tsibi-tsibi. Samari su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, su dawo da kuɗin takin zamani kafin ruwan shuka. Idan rumbu ya yi ƙasa a watan da gero ke bununi, a kai tunkiya kasuwa. Kowane abu na riƙe da wani, kuma abin da ake nema a ƙarshe shi ne gida ya kai wata kakar ba tare da an sayar da gona ba. Masu gina manhaja a Basalona suna neman tsarin da ke auna wadata cikin iyakar abin da ƙasa za ta iya ɗauka. Ga shi nan ana yinsa da ka, shekara da shekaru.

Hujja mafi girma tana tsallaken iyaka, a jihar Maraɗi, inda yare ɗaya ne, ƙasa iri ɗaya, ruwan ma bai kai na Mashi ba a wurare da dama. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gona kafin shuka rassa ne na tsofaffin kututture masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. A zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kututture, a datse sauran, a sassabe na ƙasa-ƙasa da wuƙa ko lauje mai kaifi ana yankowa sama don kada ɓawon ya yage, a kare su daga dabbobi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfanin, maƙwabta suka kwaikwaya. Dabarar, da ake kira sassaben zamani, ta bazu daga gona zuwa gona. Da masu bincike Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon ƙasa a shekarun 2000, suka kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Babu manhajar da ta hango wannan. Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne sassaucin dokar daji. A da itace na hukuma ne, ɗan gandun daji na iya cin tarar mutum a kan itacen gonarsa, don haka ba wanda ke son tsiro ya girma masa. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya rene shi. Gawo kuwa ya dace da gero, domin da damina yake kaɗe ganye ya bar rana ta sauka, da rani ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

A nan ne ya kamata marubuci ya ja linzami, don labarin na da daɗin da zai iya sa a manta da ɗaya ɓangaren. Polly Hill, wadda shahararren masanin tattalin arziki John Maynard Keynes kawunta ne, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bi gida-gida. Abin da ta rubuta a littafinta na 1972 ba yabo ba ne zalla. Ta nuna cewa a ƙauye ɗaya akwai masu rumbun da ke kwana biyu suna jiran farashi ya tashi, akwai kuma waɗanda talauci ya hana su noma tasu gonar, domin da kaka sun sayar da hatsi da arha don biyan bashi, da damina kuma suna ƙwadago a gonar wani alhali tasu ciyawa na cinye ta. Da ta koma Dorayi a gefen Kano, ta ga cunkoson jama'a na tsananta wannan hali. Michael Watts ya yi nasa zaman a Kaita cikin shekarun 1970, ya bi tarihin yunwa tun daga Kakalaba ta 1914, ya kafa hujjar cewa ƙarancin ruwa kaɗai ba ya kashe mutane, sai an haɗa da harajin da dole a biya da kuɗi da kuma kasuwar da ta raunana tsoffin hanyoyin taimakon juna. Kaita da Batagarawa duk tafiyar ɗan lokaci ce daga Mashi. Manhajar da za ta ɗauki "manomi" a matsayin mutum ɗaya mai matsakaicin hali, ta ɓatar da wanda aka gina ta dominsa. A ganina layin matan tamowa na yau ya fi kusa da littafin Hill fiye da na kowa.

Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. A 2019 gwamnatin tarayya, tare da hukumar UNDP da cibiyar Millennium Institute ta Amurka, ta fitar da manhajar iSDG da aka daidaita da ƙasar, wadda jikar dabarar MIT ce, don gwada tasirin manufofi a kan muradun ci gaba 17. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka yi wa doka a 2015. Jami'ar Bayero na da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa tun 2012, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. A sama da duk wannan kuma ga burin gwamnati na tattalin arzikin dala tiriliyan 1 nan da 2030, wanda shi kaɗai ne adadin da ke yawo a bakin 'yan siyasa.

Matsalar tana ga yadda ake raba aikin. Sau da yawa a irin wannan haɗin gwiwa, tambaya daga waje take zuwa, kuɗi daga waje, manhajar kuma tana can. Rabon malamin jami'ar nan shi ne ya ɗauki ɗalibai ya tura su ƙauye da waya a hannu. Ɗalibi ya durƙusa ya gaida dattijo, ya tambayi ruwa a ce ya yi gyara, sannan ya ce, "Baba, dami nawa aka samu bana?" Dattijon da ya gaji tsoron mai ƙirga tun zamanin haraji da jangali, ko kuma yake tsammanin sunansa zai shiga jerin masu tallafi, zai ce alhamdu lillahi, an dai samu ɗan abin da aka samu. Idan an matsa ya faɗi adadi. Damin wannan ƙauye ba girmansa ɗaya da na wancan ba, tiyar ma akwai mai tozo akwai shafaffiya. Haka adadin zai tafi Turai ya zama kilo, ya dawo a rahoto da lamba biyu bayan ɗigo. Abin da ya bambanta aikin Hill da Norman da Mortimore shi ne zama. Sun daɗe har aka daina yi musu amsar baƙo.

Idan za a gina wa yankin Mashi manhajar da za ta yi amfani, abin da ya kamata ta riƙa fitarwa shi ne wata nawa rumbun gida mai ƙaramin ƙarfi ke kaiwa, farashin tiyar gero da kaka da kuma tsakiyar damina, yawan itatuwa a hekta, zurfin rijiya a ƙarshen rani, da adadin gonakin da suka sauya hannu ta jingina ko sayarwa. Kuma dole ta san abubuwan da ba ruwan sama ba ne. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa cinikin dabbobi da wake a kasuwanni irin su Mai'aduwa da Jibiya. Cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin kai buhu kasuwa da na tayar da injin ban-ruwa. Rashin tsaron yammacin jihar Katsina ya turo mutane da dabbobi zuwa wuraren da ke da sauƙi. Ɗayan waɗannan na iya yi wa gida abin da fari bai yi ba.

Kwatanta Katsina da Maraɗi shi ne gwajin da kuɗi ba sa saye: jama'a ɗaya, yanayi kusan ɗaya, dokoki da kuɗi da farashin taki daban. Mortimore da Mary Tiffen da Boubacar Yamba na jami'ar Yamai sun yi irin wannan kwatanci tsakanin Kano da Maraɗi wajen shekarar 2000, sun bi sauyin shekara 40. An yi kwata na ƙarni ke nan, jama'a sun ƙaru ƙwarai, kuma hotunan tauraron ɗan'adam da a da ake saye da tsada yanzu kyauta ne ga duk ɗalibin da ke da intanet. Siyasa ce ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, har Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, ba ƙarƙashin ECOWAS take ba, kuma kula da ƙasa da ruwan kan iyaka na cikin ayyukan da aka ɗora mata.